Wutar Da Ta Rage A Kwandansa

Boɗinga, 9 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Kaka Ɗantani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya zafi, yaya ƙarfin jiki? Ni lafiya lau nake, sai dai kewar gida.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Mufida, ɗiyar Nana Hauwa, ita kuma ɗiyar marigayi Husaini taubashinka. Inna Laraba ta Dingyaɗi ita ce kakata. Na nemi lambarka wajen Ismail direba, ya ce ko na kira wahalar banza zan sha, kunnenka ya daina ɗaukar waya, amma idonka garau yake. Shi ya sa na ɗauko biro.

Aikin lantarki na karanta. Wata bakwai ke nan da aka turo ni tashar tura murya ta bayan gari, inda kuka yi aiki da kakana. Ni kaɗai ce a nan, sai maigadi Malam Ashiru, wanda in ya ce mini ina kwana da safe ya gama maganar yini. Makon jiya hadarin farko ya zo da tsawa, ta ƙone sabon injin. Manya sun zo daga birni sun duba, sun ce kayan gyara sai daga waje, ƙila bayan damina. Tun ranar rediyon ƙauyuka shiru. Jiya wani dattijo daga Dancaɗi ya tako har bakin ƙofa yana tambaya ko mutuwa aka yi.

Tsohon injin yana nan a ɗakin baya, kamar kabad uku a jere, an lulluɓe shi da tamfol. An ce in duba ko zai tashi. Kaka, manyan kwalaben nan da ake ce wa bawul, a makaranta hotonsu kawai aka nuna mana. Duk wanda na tambaya sai ya ce, in ba Ɗantani na Shagari ba, waɗanda suka san injin nan ƙasa ta rufe musu ido.

Ba zan ɓoye maka ba, a gidanmu in an ambaci sunanka sai a sauya zance. Ban gaya wa kowa na rubuto maka ba. In ka ga dama ka taimake ni, in ba ka ga dama ba, ba zan ga laifinka ba.

Jikarka,
Mufida

Shagari, 14 ga Mayu, 2024

Zuwa ga jikanyata Mufida,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iske ni bayan la'asar, ina zaure. Sai da na karanta ta sau uku kafin in yarda ni anka rubuta wa. Lafiya sai godiya. Gwiwa ta ƙi, kunne ya mutu, saura duk kalau. Kin ce in gai da mutanen gida ko ba ki ce ba, ban tuna ba, amma babu mutanen gida. Matata Hadiza ta rasu shekara shida ke nan, ɗiyan duk sun watse neman abinci, maƙwabciya Jummai ke aiko mani da tuwo. Uwarki na san ta tana goye. Kumatu gare ta awa na ubanta.

To, ga magana, ki riƙe ta da kyau. Injin wanga ba mugu ba ne, amma bai san sabo ba. Wutar da ke cikinshi ta fi bolt dubu biyar, kuma ba ta jiran ki taɓa ta, tana tsalle ta tarbe ki.

Kada ki kunna komai tukuna. Ki fara da tsumma busasshe da burushi mai laushi, ki kwashe ƙura da saƙar gizo da kashin ɓera, don ƙura in ta sha raɓa hanya ce ga wuta. Bawul ki ɗauke shi a tsaye awa jinjiri, da tsumma, kada maiƙon hannu ya taɓa gilashin. Akwai wasu huɗu ƙanana can ƙasa masu ɗigon zaiba a ciki. In ɗaya ya fashe, ki buɗe tagogi ki fita, kada ki share da tsintsiya. Kwandansa kuwa, manyan gwangwanayen nan masu toka-toka, in kin ga mai na tsiyaya daga jikinsu kada ya taɓa fatarki, guba ne.

Ran da za ki kunna, fanka ce farko. In ba ki ji iska na fita ta sama ba, ki tsaya nan. Sannan ƙaramar wuta mai ɗuma zaren bawul. Da muna ba ta minti goma sha biyar, amma injin da ya yi shekaru shina barci ki ba shi awa guda cur, zaibar ta koma mazauninta. Sai bayan nan babbar wuta.

In za ki buɗe baya, hannu guda a aljihu, takalmin roba, ƙasa busasshiya, zobe da warwaro duk a cire. Malam Ashiru ya tsaya bayanki da busasshen icce, ko bai ce komai ba tsayuwarshi ake so. Kuma akwai sandar atin, wadda ke zubar da ragowar wuta cikin ƙasa, rataye a ƙusa, hannun dama da ƙofar baya, mai ƙotar icce da ƙugiyar jan ƙarfe, da waya da ta nutse ƙasa. Ki duba mani ko tana nan. Ko an kashe inji, kwandansa kan riƙe wuta awa yadda tukunya ke riƙe zafi bayan an janye icce. Kan kowace kwandansa da kan kowane bawul sai sanda ta fara gaishe su kafin hannunki.

Ki rubuto. Ban da wani aiki sai jiran Ismail.

Kakanki,
Ɗantani

Boɗinga, 21 ga Mayu, 2024

Kaka,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na aiko maka da man zafi ta hannun Ismail, a shafa da safe.

Kwana biyar na yi ina shara. Na fitar da ƙura bokiti uku da gidan zanzaro ba adadi. Bawul duk lafiya, kwandansa babu mai tsiyaya, fanka ta yi gardama har sai da na ɗiga mata mai. Malam Ashiru ya leƙo ya ga gilasan suna ƙyalli, ya ce, "Ashe haka suke." Ka ga ya yi maganar kwana biyu. Sandar tana nan a ƙusarta, amma wani ya yanke wayar ya tafi da ita, ƙota da ƙugiya kawai suka rage. Zan nemi waya mai kauri in na shiga birni.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau daban ne. A ƙasan kabad na tarar da littattafan aiki, ɗaure da igiya. Na buɗe na 1983, sai ga rubutun kakana. Ban taɓa ganin ko hotonsa ba, Kaka. Rubutu ne mai karkata, yana danna biro har ya huda takarda. Wuri guda ya rubuta, "Ɗantani ya makara, ya ce jaki ne ya tare hanya." Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin, daga baya na ga ina kuka. Rubutunsa ya tsaya ran 11 ga Agusta, ƙarfe sha biyu da minti arba'in. Naka ma daga ranar bai sake fitowa ba.

Mamata ba ta san komai ba sai cewa wuta ce ta ja shi. Inna Laraba ba ta magana. Ƙannensa kuwa in sun taru da salla akwai abin da suke faɗa ƙasa-ƙasa. Kai kana wurin. Me ya faru?

Mufida

Shagari, 25 ga Mayu, 2024

Jikanyata,

Na gode da man zafi, Allah shi yi maki albarka. Jiki da sauƙi. An yi ruwa nan shekaranjiya, mutanen Mandera sun fara shuka.

Zancen jaki gaskiya ne, ko da Husaini bai yarda ba har ya bar duniya.

Kin tambaye ni abin da shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya tambaye ni. Kowa ya yanke hukuncinshi ba tare da ya tambaya ba. Na ɗauki biro tun hantsi, ga azahar ta yi, layi nawa na yi? Ranar Alhamis ce. Mu biyu ne kan aiki. Muryar tashar ta ɗauke ana saura minti ashirin a karanta labarun ƙarfe ɗaya, Husaini ya zagaya bayan injin. Ba zan yi maki ƙarya ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, ni na kashe shi da hannuna. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ke wurin sai Allah.

Ga Ismail shina ta hon a ƙofa. Sauran sai wani jiƙon. Ki sa wa sandar nan waya kafin komai.

Kakanki,
Ɗantani

Shagari, 8 ga Yuni, 2024

Jikanyata Mufida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni lafiya. Mako biyu ke nan Ismail na wucewa hannu wofi. Ƙila aiki ne ya yi maki yawa. Ƙila kin tafi gida.

Na sa Jummai ta kunna rediyonta ta murɗa zuwa inda tasharku take, ta ce shuuu kawai take ji. To in ba ki kunna ba, alhamdu lillahi. In kin kunna wani abu ya faru, wa zai gaya mani? Ba ni cikin waɗanda ake aika wa. Rasuwar uwar Husaini ma, wadda goggona ce, a kasuwa na ji ta bayan kwana tara.

Ko layi guda ne ki rubuto, ki ce kina da rai.

Ɗantani

Shagari, 22 ga Yuni, 2024

Mufida,

Ina gaisuwa. Ismail ya ce ya gan ki da idonshi kina sayen albasa bakin tasha, ya miƙa maki takardata kin karɓa kin sa a jaka. Na yi wa Allah godiya, tunda kina tafiya da ƙafafunki.

Na zauna na bi abin da na rubuta maki ɗaya bayan ɗaya, ban gano inda na ɓata maki ba. In mutanen gida ne sunka hana, ki bi maganarsu, su sunka haife ki. Na saba da shiru, wata guda ne kawai kinka sa na manta yadda ake zama cikinshi. Abu guda nake roƙo, ko ba ki sake rubuto mani ba har abada: wayar sandar nan.

Ɗantani

Boɗinga, 30 ga Yuni, 2024

Malam Ɗantani,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Takardunka duk sun iso.

Ba wanda ya hana ni. Kai ka rubuta da hannunka cewa kai ka kashe shi, ba wanda ya sa ka. Na karanta layin nan har takardar ta yage a lanƙwasa. Ina tsammanin za ka ce mini ƙannensa ƙarya suke yi. Mamata ta tashi ba uba, Inna Laraba ta yi takaba tana da shekara ashirin da biyu, ni kuma ina nan ina aika maka da man zafi. Ban gaya wa kowa ba, don ban san yadda ake faɗar irin wannan ba. Wata guda ina kwana da ita ina tashi da ita, ba wanda zan yi wa magana sai bango. Tsakaninka da Allah, ba ni zan yi maka hisabi ba.

Zancen aiki, don kada ka ƙara aiko tambaya. Na kunna injin ranar Talata yadda ka tsara. Ya tashi, amma allurar babbar wuta tana faɗuwa bayan minti kaɗan. Ranar Alhamis mai zuwa zan sake gwadawa, in kashe, in buɗe baya in duba kan babban bawul. Ban samu zuwa birni neman waya ba. Na duba zanen injin, akwai rasista mai tsotse wutar kwandansa cikin minti biyu da kashewa. Zan ba shi goma.

Wannan ce ta ƙarshe.

Mufida

Shagari, 2 ga Yuli, 2024

Mufida, kada ki buɗe bayan injin nan. Na fara da wannan kafin sallama don ko nan kinka tsaya da karatu, ya isa. Assalamu alaikum.

Inna lillahi. Injin nake nufi, jikanyata. Injin na kashe. Na rantse da wanda raina ke hannunshi. Da bakinmu na aiki na rubuta maki, na manta ke da wane kunne za ki ji.

Ga yadda anka yi. Muryar tashar ta ɗauke, Husaini ya ce kan babban bawul ne ya saki, don ya taɓa yin haka. Ya zagaya baya, ni ina gaba wajen makunni. Ya ɗaga murya ya ce, "Ka kashe?" Na ja babban makunni ƙasa da hannuna, na ga allura ta kwanta, na ji fanka na mutuwa. Na ce, "Na kashe." Munka jira minti biyun nan da zane ya ce, har da ƙari. Na ce mashi, "Ɗauki sanda." Ya ce, "In kai ka kashe, taubashi, sanda ta huta, lokaci na tafiya." Dariya na yi. Wannan dariyar ita ce laifina, kuma ban taɓa musun ta ba. Da na zagaya na ɗauko sandar da kaina, taku biyar ne. Sai na ji ƙara awa an harba bindiga.

Manya sunka zo bincike, sunka ce ba yadda za a yi inji a kashe ya ja mutum, sai dai in ban kashe ba, ko na mayar. Sunka karɓe makullina a ranar, ba a sake bari na taka ɗakin ba. Ƙannenshi sunka ji haka, sunka tuna wata gardamar gona da ke tsakanin iyayenmu, sunka haɗa. Da na je gaisuwa Dingyaɗi anka naɗe tabarmar da zan zauna.

Zuciyata ta daɗe tana gaya mani rasistan nan ne ya tsinke, kwandansa ta riƙe wutarta. Amma ban gani da ido ba. Kuma in mutum ya daɗe shi kaɗai, har abin da ya sani sai ya fara shakka. Akwai ranakun da nake duban hannuna ina tambayarshi, ƙasa ka ja ko sama?

Ki zage ni in kin so, amma kada ki yarda da zanen nan, shi Husaini ya yarda da shi. Na sa an kwance wayar atin ta gidana, ga ta nan cikin leda. Ki kankare ƙugiyar har ta yi ja, ki ɗaure tam, ɗaya bakin a ƙarfen da ke ƙasa. Ismail ba ranar zuwanshi Boɗinga ba ce gobe, na riƙe rigarshi har ya ce zai je.

Kakanki, ko kin so ko ba ki so ba,
Ɗantani

Boɗinga, 7 ga Yuli, 2024

Kakana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai jin kunya. Ina lafiya, kuma bayan Allah kai ne sanadi.

Ismail ya iso ranar Laraba da la'asar. Ya ƙi tafiya sai da na buɗe takardar a gabansa. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa. Ka yafe mini. Ni da nake cewa na kashe janareta sau biyu kullum, ban ji maganarka yadda ka faɗe ta ba, sai yadda aka raɗa mini tun ina yarinya.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗaura wayar. Na kunna, allura ta faɗi, na kashe. Minti goma na ba shi da agogo. Malam Ashiru yana bayana da icce. Na sa hannun hagu a aljihu, na miƙa sandar kan kwandansa ta farko. Kaka, ƙarar da ta yi sai da tantabarun rufi suka watse. Wuta shuɗiya, bakin ƙugiyar ya narke kamar an cije shi. Malam Ashiru ya jefar da iccen yana salati. A daidai wurin nan zan sa yatsuna.

Daga nan na bi kowane kai da sanda sau biyu, na kwance rasistan. Ta gaba lafiya lau yake, fes. Ta bayan da ke fuskantar bango ya tsage gida biyu, tsagar ta yi baƙi ƙirin, ta tsufa. Don kada in yi maka shaidar son rai, na koma littattafan. Ran 19 ga Agusta, 1983, kwana takwas bayan rasuwar, wani Abdulaziz ya rubuta, "Sanda ta yi harbi bayan kashewa." Na ƙirga irin wannan layin sau talatin da ɗaya cikin shekara goma sha biyu. Tsoro ya sa kowa yana amfani da sanda, ba wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa take harbi. Ƙasa ka ja, Kaka.

Jumma'a na tafi Dingyaɗi da rasistan da littafin. Na karanta wa Inna Laraba takardarka duka, har wurin dariyar. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba har na gama. Ta karɓi rasistan ta juya shi, ta daɗe tana kallon tsagar. Sai ta ce, "Marigayin ke nan, mutumin da ko tuwo ba ya jira ya huce." Sannan ta ce, "Ni ban taɓa cewa Ɗantani ya yi ba. Amma ina daga ɗaki na ji lokacin da anka naɗe tabarmar, ban aika an shimfiɗa ba. Wannan nawa ne." Ƙannen kakana biyu suka rage. Ɗaya ya yi ta istigfari, ɗayan ya ce ƙarfe ba ya ba da shaida, ya tashi ya fita. Ban bi shi ba.

Injin bai fara tura murya ba tukuna, sai an samo rasista, an ce akwai mai irinsu a birni. Inna ta ce in tambaye ka ko za ka karɓi baƙi Asabar mai zuwa, ita da mamata da ni. Ta ce in ka ce a'a, ta san dalili.

Jikanyarka,
Mufida

Shagari, 9 ga Yuli, 2024

Jikanyata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Babu abin yafewa tsakanina da ke.

Na karanta takardarki a zaure, na shiga ciki na rufe ƙofa, ban fito ba sai da Jummai ta yi ta bugu tana tsammanin na faɗi. Ban san tsoho na da sauran hawaye haka ba. Da la'asar na lallaba masallaci, bayan an sallame na riƙe hannun liman na ba shi labarin tun daga farko. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga bakinshi na motsi, ya daɗe bai saki hannuna ba.

Wanda ya tashi ya fita, ki ƙyale shi. Ɗan'uwanshi ya rasa, kuma shekara arba'in da ɗaya ba ta kwancewa a yini guda.

Ku zo. Ku zo da wuri kafin rana ta yi zafi, hanyar gidan akwai taɓo, Ismail ya san inda ake ratsewa. Ku yi haƙuri da ni, sai kun ɗaga murya, ko ke ki zauna kusa ki riƙa rubuta mani abin da sunka ce. Na sa an share tsakar gida, an gyara ɗakin Hadiza don ku sami wurin sallah. Ki tambayar mani Laraba ko har yanzu ba ta cin miyar kuɓewa, don in san abin da zan ce a dafa.

Kakanki,
Ɗantani